Tsofaffin sulallan Ingila: a sikeli za ka sayar, ko da kanka a eBay, ko ka kai kamfanin giredin, ko ka ba 'yan gwanjo?

Duk wanda ya samu gwangwanin tsofaffin sulallan Ingila, ko a kayan gado ne, ko ya tsinta a kasuwar ƙarshen mako can Ingila, ko a wajen masu kayan tarihi a Kurmi, abin da ya fara yi kusan iri ɗaya ne, zai ɗauki waya ya rubuta shekarar da ke jikin kwandala a eBay, ya ga wani ya sa irinta fam 5,000, shikenan barci ya ƙaurace masa. Toh ɗan uwa wannan farashin da ka gani ba ciniki bane, taya kai ne kawai, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Babbar kwandalar sule biyar ta 1965 mai hoton Churchill an buga sama da miliyan 19, babu ko ɗigon azurfa a cikinta, kobon 1967 kuma an buga sama da miliyan 600, waɗannan ko suna walƙiya kamar yau aka fito da su kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma kuma a cikin gwangwani irin wannan ne ake samun ɗaya ko biyu da suka fi duk sauran a haɗe, kuma hanyar da ka bi wajen sayar da su ita ce ke nuna ko za ka ci riba ko dillali ne zai ci.

Hanyoyin guda huɗu ne kuma ba wadda ta dace da komai. Amma kafin ma a zo nan sai ka zube su a kan tsumma mai laushi ka ware su da shekara, domin shekara ce ke gaya maka ƙarfen. Taro, sisi, sule, fataka, sule biyu da sisi, da sule biyar, duk wanda aka buga kafin 1920 azurfa ce kashi 92.5 cikin ɗari. Daga 1920 zuwa 1946 rabi da rabi ne, kashi 50. Daga 1947 babu azurfa sam, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, fari ne dai a ido. Taron nan mai kusurwa 12 da aka fara a 1937 shi dama rawaya ne, ba ya cikin lissafin azurfa. Kobo da ɗari kuwa tagulla ne tun 1860, kafin nan jan ƙarfe ne manya masu nauyi, kamar kobon 1797 da Matthew Boulton ya buga a Soho kusa da Birmingham, mai kaurin baki, nauyinsa oza guda cur. Sannan a nan ne mutanenmu ke yawan haɗa abu biyu: kobo mai huji da anini da sulen nan mai bishiyar kwakwar manja ba kuɗin Ingila bane, na Afirka ta Yamma ne ƙarƙashin Turawa, kasuwarsu daban masu nemansu daban. Har akwai kobo mai huji na 1936 da sunan Edward na Takwas, mutum ya ji labarin an sayar da fam ɗin zinare na wannan sarkin fam miliyan 1 a 2020 sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali namu mai hujin an buga shi da yawan gaske, arha ne. Ka ware su gefe guda, ka sayar da su da sunansu.

Hanya ta farko ita ce sikeli, wato ka sayar a matsayin azurfa kawai. Mutane suna raina ta amma wallahi ga rabin abin da ke hannun yawancinmu ita ce daidai. Sule sabo nauyinsa giram 5.66, sisi 2.83, fataka 11.31, sule biyu da sisi 14.14, sule biyar 28.28. Idan ka tara sule 20 na kafin 1920 kana da azurfa zalla kusan giram 104, na 1920 zuwa 1946 kuma kusan giram 56, sai dai wanda ya sha hannu ya siɗe yana raguwa, shi yasa mai saye ba ƙirgawa yake ba aunawa yake. Ka duba farashin azurfa na ranar, ana faɗinsa ne a kan oza mai giram 31.1, ka yi lissafinka kafin ka je, zai cire ribarsa dole amma ka san inda aka dosa. Daɗinta babu jira, babu ɗaukar hoto, babu wanda zai dawo maka da kaya bayan sati biyu. Illarta guda ɗaya ce kuma babba ce, mai sikeli ba ruwansa da shekara, ko ma da ruwansa ba zai gaya maka ba. Don haka kar ka zuba komai a kan sikeli sai ka duba kowace ɗaya. Sule biyu da sisi na 1905 guda 166,008 kawai aka buga, ko ya siɗe ya fi kuɗin azurfarsa nesa ba kusa ba, haka sulen 1905, haka sule biyu da sisi na 1903 da 1904 da 1925 da 1930, da fatakar 1932. Sisin 1952 ba azurfa a ciki amma ana nemansa saboda ƙarancinsa. A wajen tagulla ka nemi kobon 1869, da na 1950 mai guda 240,000 da na 1951 mai guda 120,000, sannan ka duba kobon 1912 da 1918 da 1919 a gefen hagu na shekarar ko akwai ɗan ƙaramin H ko KN, alamar ba a gidan bugun gwamnati aka yi su ba, kamfanonin Heaton da Kings Norton ne na Birmingham suka buga, KN ɗin ya fi wuyar samu. Taro mai kusurwa kuma na 1946 da 1949 su ne na nema.

Wanda aka huda ko aka yi wa walda a baya don zobe ko adon gashi, irin wanda iyayenmu da Fulani ke yi da sulallan azurfa, in dai shekararsa ba ta cikin na nema, kai shi sikeli kawai, masu tarawa ba sa so.

Sauran hanyoyin uku duk sun rataya ne a kan abu ɗaya, matakin da kwandalar take, kuma nan ne ya kamata mutum ya zauna ya koya don shi ne kuɗin. 'Yan Ingila suna da tsaninsu na kalmomi da aka gada tun da. A ƙasa akwai Poor da Fair, wanda da ƙyar ake karanta shekara. Sai F, ya siɗe sosai, kan sarki ya zama sumul amma rubutu duk yana fita kuma ana ganin manyan layuka. Sai VF, an kashe shi an yi ciniki da shi amma siɗewar a wuraren da suka fi tudu ne kawai, yawancin gashi da zanen garkuwa suna nan. Sai EF, wanda in ka kalla da ido haka za ka rantse sabo ne, sai ka sa madubin ƙara girma ka ga ɗan gogewa a ƙololuwar tudu, kuma yawanci akwai sauran sheƙin asali a lungunan haruffa. Sai UNC, bai taɓa yawo a hannu ba, babu siɗewa ko kaɗan, ko da yake ana iya samun ƙananan tabo na gogayya da 'yan uwansa a cikin buhu tun daga gidan bugu. FDC kuma na bugun musamman ne marar aibi ko ɗaya, kar ma ka rubuta shi a kan abin da ya fito daga gwangwani. Tsakanin matakan ana ƙara ƙaramin harafi, gVF ya ɗan fi VF, nEF ya kusa EF bai kai ba, aUNC saura ƙiris.

Inda za ka duba ya danganta da sarkin. A kan Joji na Biyar ka kalli saman kunne da gashin baki da gemu. A Joji na Shida gashin da ke saman kunne da gira. A Edward na Bakwai gashin kansa dama ba zurfi aka yi masa ba, yana saurin ɓacewa, shi yasa samun nasa a EF yake da wuya kuma yake da tsada, kuma in sule biyu da sisi ne ka juya baya ka duba rubutun da ya zagaye garkuwa, harafin I na HONI da P na PENSE su ke fara tafiya, in suna nan raɗau ka riƙe da kyau. A kobon Biktoriya na 1860 zuwa 1894, mai ɗaurin gashi a ƙeya, ka ƙirga ganyen da ke kanta ka ga ko jijiyoyin ganyen suna fita, a baya kuma ka duba yatsun matar da ke riƙe da mashi mai baki uku da layukan garkuwarta. Fuskokin zakuna a jikin garkuwa su ma ma'auni ne mai kyau, in ido da hanci suna fita kana sama da VF. Akwai kuma abin da ke ruɗa sabon shiga, ba duk rashin fitar zane bane siɗewa. Kobon Joji na Biyar daga 1911 zuwa wajen 1926 kan sarkin ya yi girma, yana janye ƙarfe lokacin bugu, sai ka ga inuwar kan a bayan kwandalar kuma matar baya ta fito dishi-dishi alhali ba a taɓa kashe shi ba. Bambancin shi ne sheƙi, ka riƙe ta a gefe da yatsa biyu ka juya a hankali ƙarƙashin fitila ɗaya, in sheƙin yana zagayawa har ya ratsa wurin da bai fita ba toh raunin bugu ne, in kuma ya yanke wurin ya yi fari-fari ko ya dushe toh hannu ne ya ci.

Dan Allah kar a wanke. Ba lemon tsami, ba toka, ba man goge baki, ba Brasso, ko goga da gefen riga kar a yi. Baƙin da azurfa ke yi in ta tsufa ba datti bane a wajen masu saye, wani ma ƙarin kuɗi yake biya saboda shi, amma wanki yana cinye sheƙin asali ya bar ƙananan ƙarce da ake gani da an karkata ta a haske, kuma ba ya gyaruwa har abada. Kwandalar da za ta yi EF in an goge ta sai ta koma ana tayinta a kuɗin VF ko ƙasa. Ni a ganina wankin nan ya fi komai jawo wa mutanenmu asara a wannan harkar, saboda mu a al'ada abin sayarwa gyara shi ake ya yi kyau, nan kuwa akasin haka ne. Sauran aibobin da ke rage kuɗi su ne lotsawa a baki, ƙarce mai zurfi, da koren tsatsa a jikin tagulla, wanda yake yaɗuwa, mai shi ka raba shi da sauran. Ledar roba mai laushin nan ma tana sa kore in an daɗe, gara ƙaramar ambulan ta takarda.

Toh hanya ta biyu, ka auna da kanka ka sa a eBay ko makamancinta haka nan tsirara. Wannan ita ce ta dace da mafi yawan abin da ya wuce sikeli amma bai kai manyan kuɗi ba, a ce daga fam 5 zuwa fam 150 ko 200. Wajen sa farashi abu biyu za ka haɗa. Akwai kundin nan na shekara-shekara da aka fi sani da na Spink, yana ba kowace kwandala lamba da farashi a mataki-mataki, amma ka sani farashin da ke ciki na shagon dillali ne ga kaya marar aibi, kai ba lallai ka samu hakan ba. Na biyu kuma wanda ya fi gaskiya, ka shiga eBay ka danna wurin tace sakamako ka zaɓi waɗanda aka riga aka sayar, ka nemi shekararka, ka buɗe hotunan guda biyar ko goma ka ajiye taka a gefe ka gwada, ka watsar da wanda ya fi tsada da wanda ya fi arha ka kama tsakiya. Gidajen gwanjo irin su London Coins da Noonans suna barin sakamakon tsofaffin gwanjonsu a buɗe da hoto da mataki, nan ne ma ya fi daɗin koyon ido saboda ƙwararru ne suka auna. Shafin intanet na Numista kuma yana da amfani wajen gane wace iri ce da nauyinta da faɗinta.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne tsufa ba shi ne tsada ba. Sulallan 1887, shekarar bikin cikar Biktoriya 50 a kan mulki, mutane sun ɓoye su da yawa don tunawa, saboda haka ko a EF ba su da wuyar samu, haka na 1902 da 1937 da 1953, farkon fitowar sabon sarki kowa ajiyewa yake. Shekarun tsakiya da ba wanda ya damu da su, aka kashe su har suka siɗe, su ne masu kyansu ke tsada.

In za ka rubuta mataki, ka rubuta ƙasa da abin da zuciyarka ke gaya maka da rabin mataki, domin duk mai kaya yana ganin nasa ya fi, kuma masu tara sulallan Ingila idonsu a buɗe yake, da sun ga ka rubuta UNC a kan abin da kunnen sarki ya siɗe ba za su sake yarda da sauran kayanka ba. Hoto a gefen taga da rana, ba filasha, a kan takarda marar ado, gaba da baya da kuma baki, har da hoto a kan sikeli yana nuna nauyi, kuma duk aibin da ke jiki ka faɗa da bakinka ka nuna shi. Ribar wannan hanyar ita ce kusan duk kuɗin naka ne ban da abin da dandalin ya cire da kuɗin aike. Wahalarta kuma lokaci, amsa tambayoyi, da cewa mai saye yana da damar cewa kaya bai yi daidai da bayani ba ya dawo da shi, sannan in sabon asusu ne ba ka da tarihin ciniki mutane ba za su taya abu mai tsada da kyau ba, tsoron jabu suke. Kar ka fara da mafi kyawunka, fara da ƙananan har a san ka.

Hanya ta uku ita ce kamfanin giredin, su duba su tabbatar ba jabu bane, su ba ta lamba, su rufe ta a gidan roba mai lambar shaida da kowa zai iya bincika a shafinsu. Manyan biyun na Amurka ne, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, NGC tana da ofis a Landan, PCGS kuma na Turai a Paris yake. Suna amfani da ma'aunin 1 zuwa 70 da William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga 60 zuwa 70 shi ne wanda bai yi yawo ba, ana rubuta MS a gabansa. Akwai kuma na gida Ingila, LCGS, mai ma'aunin 1 zuwa 100, suna da tsanani kuma wasu 'yan Ingila na girmama su, amma in mai sayenka yana Amurka ko Japan ko Hong Kong, NGC da PCGS ya sani. Tsakanin waɗannan biyun ban ga bambancin da zai sa mutum ya wahalar da kansa ba, wanda ya fi sauƙin kaiwa daga inda kake shi ne naka. Abin lura shi ne haruffan Amurka da na Ingila ba ɗaya suke ba ko da sun yi kama, abin da ɗan Ingila mai tsanani zai kira VF mai kyau a Amurka yana iya samun XF, wato yadda su suke rubuta EF, wanda ya kira EF sau da yawa AU yake samu, wato matakinsu na dab da MS, wani lokacin ma har MS na ƙasa. Don haka kar ka ga XF40 a jikin roba ka je kundin Ingila ka karanta farashin EF, za ka yaudari kanka.

Lissafin hanyar nan shi ne inda mutane ke faɗawa rami. Kuɗin giredin kowace ɗaya, da rajista ko la'adar dillalin da zai shigar maka, da aike zuwa da dawowa da inshora, ka ƙaddara fam 30 zuwa 50 a kan ƙaramar kwandala, mai tsada kuma ya fi haka tunda kuɗin yana hawa da darajarta, ga jira na makonni. Misali a ce taka in EF ce tana fam 60, in ta haye UNC fam 110, ka ga ko ka ci sa'a ribar ta tafi a kuɗin roba, in ba ka ci ba kuwa ka yi asara. Amma a ce wata in EF ce fam 600, in ta samu MS63 ko sama ta doshi fam 2,000, toh nan fam 50 ba komai bane, kuma robar ce za ta sa wanda bai san ka ba ya yarda ya tura wannan kuɗin. Sai babban haɗarin, in sun ga an taɓa wanke ta ko an gyara baki ko an cire walda ba za su ba ta lamba ba, za su rubuta Details su faɗi aibin ɓaro-ɓaro a jiki, kuɗinka kuma ba ya dawowa, sannan sayar da ita ya ƙara wuya fiye da da tana tsirara. Kafin ka aika ka nuna wa wanda ya fi ka ido.

Inda ni nake ganin giredin ya zama kamar dole shi ne irin waɗanda jabunsu ya cika kasuwa. Sule biyar na 1847 mai rubutun Gotik, sule biyar masu zanen kambi a tsakiyar furanni na 1927 zuwa 1936, musamman na 1934 da guda 932 kawai aka buga, sule biyu da sisi na 1905, duk waɗannan an kwaikwaye su ba adadi. Ka fara gwajin gida, maganaɗisu bai kamata ya kama ba, sikeli mai nuna ɗigo biyu ya ba ka nauyin da ya dace, faɗi ya yi daidai. In ta faɗi a nan ka huta da kashe kuɗi. In ta wuce ba yana nufin ta gaske ce ba, yana nufin ta cancanci a kai wa masana. Kobon 1933 kuwa, wanda aka san kusan guda bakwai ne kawai a duniya, wasu a gidajen tarihi wasu an binne su a ƙarƙashin harsashin gine-gine, in ka ga shi a gwangwani kusan tabbas wata shekarar ce aka sassaƙe lambar ƙarshe.

Hanya ta huɗu gidan gwanjo, irin su Spink da Noonans da Baldwin's da London Coins a Ingila, ko Heritage a Amurka. Ka tura musu hoto ta imel su gaya maka ƙiyasi, yawanci kyauta, kuma wannan kaɗai ma riba ce ko ba ka ba su ba. In sun karɓa su za su auna, su ɗauki hoto, su rubuta bayani, su ma za su ba ka shawara ko a kai giredin kafin gwanjo, kuma masu kuɗin da ba sa leƙa eBay suna wajensu. Abin da za ka biya shi ne la'adar mai kaya, wadda ake iya sasantawa in kayan na da nauyi, sannan mai saye shi ma ana ɗora masa kashi 20 da wani abu cikin ɗari a kan abin da ya taya, kuma kar ka ce wannan ba ruwanka, yana lissafa shi kafin ya ɗaga hannu, daga aljihunka yake fita a fakaice. Ga jira, daga miƙa kaya zuwa ranar gwanjo zuwa biya ana iya cin wata uku ko fiye. Ƙananan kaya kuma ko dai su ƙi karɓa ko su haɗa su tuli guda su sayar da arha, dillalai su saye su rarraba. Saboda haka gwanjo na abin da ya haura ɗaruruwan fam ne, ko tarin da wani ya yi shekaru yana haɗawa da tsari. Ka tambaya a rubuce nawa ne mafi ƙarancin da za a saki kayan, da abin da za ka biya in bai sayu ba.

Fam ɗin zinare, wato sofarin, shi yana iya faɗawa kowace daga cikin huɗun. Nauyinsa giram 7.98, karat 22, zinare zalla a ciki giram 7.32, kwandalar rabin sofarin kuma nauyinta giram 3.99. Yawancin na ƙarshen zamanin Biktoriya da Edward na Bakwai da Joji na Biyar an buga su miliyoyi, kuɗinsu kuɗin zinare ne da ɗan ƙari, kai su giredin ɓarnar kuɗi ce, dillalin zinare mai amana ya wadatar. Amma ka sa madubi ka duba ƙasan da dokin ke takawa, saman shekara, akwai ɗan harafi: S na Sydney, M na Melbourne, P na Perth, C na Ottawa a Kanada, I na Bombay wanda a 1918 kawai aka yi, SA na Pretoria, in ba harafi na Landan ne. Harafin nan yana iya ninka kuɗi, na Landan 1917 da na Sydney 1920 da na Kanada 1916 manyan kaya ne na gwanjo, kuma na 1917 ɗin jabunsa ya fi na gaskensa yawa. Masu garkuwa a baya na farkon zamanin Biktoriya su ma a duba su ɗaya-ɗaya. Hajiyoyinmu da ke sayo irin wannan a kasuwannin zinare na Saudiyya ko Dubai su sani da yawa kwaikwayon maƙera ne, zinaren gaske ne amma sau da yawa karat 21, wani ma an buga lambar a jiki, a sayar da shi a matsayin gwal a kasuwar gwal, kar a sa shi a intanet da sunan sofarin don rigima ce za ta biyo baya. Maganar hannu da hannu a cinikin zinare da azurfa kuma, wanda zai sayar ta intanet ya fara zama da malaminsa ya ji yadda zai tsara karɓar kuɗi da miƙa kaya.

Duk lissafin nan ya fi sauƙi ga wanda ke zaune a Ingila, shi zai je gidan waya ya aika ta Special Delivery na Royal Mail mai inshora ya kwana da hankalinsa. Wanda ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi dole ya ƙara kuɗin aike zuwa waje a kan kowace hanya, kuma kamfanonin aike da yawa sharuɗɗansu sun hana ɗaukar zinare da kuɗi, in ya ɓace ba su biya, sai ka karanta kafin ka miƙa. Wannan yana canza amsar sosai, kwandalar fam 15 ba ta da ma'ana a aika ta ita kaɗai, gara a haɗa goma ko ashirin na sarki ɗaya a sayar tare, azurfar da ta siɗe a sayar wa maƙeran gida a sikeli, 'yan ƙalilan masu nauyin kuma a fara tura hotonsu gidan gwanjo biyu a ji bakinsu kafin a nemi amintaccen da zai tafi da su a hannu, shi ma ya bi ƙa'idar kwastan ta bayyana abin da ya ɗauko. Masu kiran waya ko WhatsApp su ce suna da Bature mai saye a miliyoyi amma sai ka fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji, gidan gwanjo na gaskiya ba ya karɓar ko sisi kafin ya duba hoton kayanka, daga cinikin yake cire nasa.